Zuwa Taro Ba Shi Ne Kafa Kamfani Ba

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo biranen Arewa, wato tarukan matasa masu sha'awar kafa kamfanonin fasahar zamani. Ba a cika daɗewa ba sai an ga sanarwar irin wannan taro a Kano, ko Kaduna, ko Abuja, inda ake kama ɗakin taro a jami'a ko a otal, a kira masu jawabi, a raba riguna da takardun shaida, a ɗauki hotuna, sannan a watse. Babu shakka wannan ci gaba ne, domin an daɗe ana kukan cewa an yi wa matasan wannan yanki nisa a fagen. To amma abin tambaya a nan shi ne, cikin waɗanda ba sa fashin waɗannan taruka, mutum nawa ne suke da abin sayarwa a hannu, kuma mutum nawa ne suka taɓa samun wanda ya zaro kuɗinsa ya biya su saboda aikin da manhajarsu ta yi masa?

Ba wai ana cewa taro ba shi da amfani ba ne. Tarihin harkar a Nijeriya ya nuna cewa haɗuwar jama'a a wuri ɗaya tana da tasiri. A shekarar 2010 Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa cibiyar CcHub, wadda ta zauna a unguwar Yaba ta Legas, ta zama matattarar masu haɗa manhaja, har ta kai mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarce ta a watan Agustan 2016. A wannan shekarar ce kuma Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Kaduna. Sai dai abin lura shi ne, waɗannan wurare ba biki ne na yini ɗaya ba. Wurare ne da ake zuwa kullum a zauna a yi aiki, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba, har a gane hannun kowa da halinsa. Sanayya irin wannan ita ce take haifar da kasuwanci, ba musayar lambar waya a bakin ƙofar ɗakin taro ba.

A duba kamfanin Paystack, wanda kusan kowane mai jawabi yake kafa misali da shi. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun san juna tun suna ɗalibai a Jami'ar Babcock, shekaru kafin su kafa kamfanin a 2015. Matsalar da suka ɗauka guda ɗaya ce, wato wahalar da 'yan kasuwa suke sha wajen karɓar kuɗi ta intanet. A kan haka cibiyar Y Combinator ta Amurka ta ɗauke su a 2016, sannan kamfanin Stripe ya saye su a watan Oktoban 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Haka nan Moniepoint, wanda ya faro da sunan TeamApt a 2015, ya shafe shekaru yana yi wa bankuna aikin manhaja ba tare da talaka ya san sunansa ba, kafin ya shiga harkar na'urar POS. Lokacin da aka shiga ƙuncin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai shago da mai shayi suka rungumi irin waɗannan na'urori don dole, a 2024 kuma aka ƙiyasta darajar kamfanin ta kai dala biliyan 1. Masu jawabi sukan tsallake shekarun wahalar su kama ƙarshen labarin, alhali kuwa darasin yana cikin abin da suka tsallake.

Saboda haka shawara ta farko ga duk matashin da yake da wannan niyya ita ce, kafin ya je ɗakin taro ya fara zuwa kasuwa. Kantin Kwari, da Singa, da Dawanau, da kasuwar waya ta Farm Centre, duk cike suke da matsalolin da suke jiran mai warwarewa: littafin bashi da yake ɓacewa, lissafin kaya tsakanin uban gida da yaran shago, neman motar da za ta ɗauki hatsi, tabbatar da cewa kuɗin da aka ce an turo sun shigo da gaske. Ya zauna da 'yan kasuwa goma ko ashirin, ya tambaye su abin da ya fi cinye musu lokaci da dukiya, ya kame bakinsa ya saurara. Idan ya haɗa abu, komai ƙanƙantarsa, ya mayar musu ya sa kuɗi. Wanda ya ce "abin ya yi kyau" bai zama mai saye ba tukuna, domin yabo ba ya cin kuɗi. Wanda ya biya, kuma ya dawo wata mai zuwa ya sake biya, shi ne hujja. Matashin Arewa yana da wata dama a nan da ɗan Legas ba shi da ita, wato ya san harshen waɗannan mutane, ya san cewa da yawansu sun fi son saƙon murya a kan rubutu, kuma wayoyinsu ba masu tsada ba ne.

Na biyu, idan za a je taron, to ba a fafe gora ranar tafiya. A san su wane ne za su zo, a zaɓi mutum biyu ko uku da ake da ainihin buƙatar gani, a kuma shirya bayanin da bai wuce minti ɗaya ba: ga matsalar, ga masu fama da ita, ga abin da aka yi, ga adadin waɗanda suka biya. Bayan an rabu a aika saƙo cikin kwana ɗaya ko biyu, a tuna wa mutumin inda aka haɗu da abin da aka tattauna, a nemi abu guda takamaimai. Babban mutum ya fi saurin amsa tambaya ƙwaya ɗaya da aka tsara a kan roƙon "a taimaka min". Kuma wanda kullum shi mai karɓa ne, ba ya haɗa wani da wani, ba ya koya wa na ƙasa da shi, to ba a daɗewa ake gane shi a kuma guje shi.

Na uku, maganar abokin tarayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, galibi ana buƙatar mai haɗa manhaja da kuma mai iya sayarwa. Amma abin takaici, 'yan'uwa da yawa suna fara aiki a kan amana ta fatar baki, suna jin kunyar kawo maganar rabo, sai kuɗi sun shigo zumunci ya watse. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. A rubuta kason kowa, da aikin kowa, da abin da zai faru idan wani ya janye. Al'adar da aka saba a wannan harka ita ce, hannun jarin mai kafa kamfani yana tabbata gare shi ne sannu a hankali cikin shekara 4, kuma wanda ya tafi kafin cikar shekara ta farko ba ya fita da komai. Hikimar a fili take, kada wani ya yi wata uku ya tafi da rabin kamfani ya bar ɗan'uwansa da wahala.

Na huɗu, rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC. Sannan a watan Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi ba su takardar shaida ta hannun hukumar NITDA. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa kamfanin ya zama mai rajista, bai wuce shekara 10 ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun ɗan Nijeriya cikin waɗanda suka kafa shi. Babu mai zuba jarin kirki da zai tura kuɗi cikin asusun mutum na kansa, don haka a raba aljihun kamfani da aljihun gida tun ranar farko.

Na biyar, jari. Kuɗin da ake samu iri uku ne, kuma wajibi ne a bambance su. Akwai tallafi wanda ba a biya, kamar dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu take bai wa waɗanda ta zaɓa a shirin da ta fara a 2015. Akwai bashi mai ruwa, wanda matsayinsa sananne ne ga mai karatu, kuma ko a lissafin kasuwa kaɗai yakan shaƙe kamfanin da bai fara samun riba ba. Akwai kuma sayar da hannun jari, inda mai kuɗi yake shiga a ci riba tare a yi asara tare. Wannan ya fi kusa da musharaka, amma fa sharuɗɗan takardar su ne abin dubawa, don haka a kai wa lauya da malamin da ya san mu'amala kafin a sa hannu. Kuma kada a ɗauka samun jari shi ne nasara. Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019, ya tara kimanin dala miliyan 45, amma ya rufe a 2023. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga ƙarshe, akwai tarukan da suke fakewa da sunan fasaha alhali tarko ne. Duk taron da aka ce a zuba kuɗi za su ninka cikin wata ɗaya, ko a kawo mutum uku a samu kaso, to a tashi a fita. An ga yadda MMM ya rufe asusun jama'a a Disambar 2016, an kuma ga yadda CBEX ya tafi da dukiyar mutane a Afrilun 2025, kuma duk ta hanyar abokai da 'yan'uwa aka jawo waɗanda suka faɗa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Matashin da ya tara takardun shaidar taro goma ba shi da mai saye ko ɗaya, ya dace ya tsaya ya yi wa kansa hisabi, domin kuɗin mota da lokacin da ya kashe jari ne da ba zai dawo ba. Wanda kuwa yake da 'yan kasuwa biyar da suke biyansa duk wata, ko bai taɓa riƙe makirufo ba, to ya riga ya kafa kamfani, kuma ranar da ya shiga ɗakin taro shi za a nema. Allah Ya sa a gane, Ya kuma sanya albarka a cikin nema.