Mayar da agogon wayarka tsarin awa 24, ka huta da AM da PM

In ka ga waya tana nuna 17:45, kada ka ce ta rikice, ko ka ce ai agogon sojoji ne. Ƙarfe shida saura kwata ne na yamma, kuma a ganina haka ya kamata taka ma ta riƙa nunawa.

Raba yini gida 24 tsohon abu ne, tun Misirawan dā: awa 12 na rana, 12 na dare. Amma ƙirga su a jere har 24, harkar jirgin ƙasa ce ta yaɗa shi tun kafin sojoji su ɗauka. Ana ba da labarin wani injiniyan Kanada, Sandford Fleming, wanda jirgi ya tafi ya bar shi a Ireland a 1876 saboda an buga PM a jadawali maimakon AM. Daga nan ya duƙufa wajen tallata tsarin. Italiya ta karɓa a 1893, Faransa a 1912. Shi ya sa mutanen Maraɗi da Damagaram ke rubuta 14h30, Najeriya kuwa ta gaji AM da PM daga Ingila.

A baki ba mu da matsala. Wa zai ji "huɗu na asuba" ya ɗauka la'asar ake nufi? Matsalar tana kan allon waya, inda ƙananan haruffa biyu ne kawai suka raba dare da rana. Ka saita ƙararrawar sahur ƙarfe 4:00, ashe PM ka bari, sai hasken gari ya tashe ka. Ga kuma 12:00 AM, da yawanmu rana muke ɗaukarsa alhali tsakar dare ne. A tsarin 24 babu wannan: 04:00 daban, 16:00 daban.

Sai dai ka kula da 00. Tikitin jirgin sama ya ce 00:30 ranar Juma'a? To tun Alhamis da daddare za ka bar gida.

Na san za ka ce lissafi ya yi yawa. Ba wani yawa, malam. Duk abin da ya haura 12, cire 12: 19:00 bakwai ke nan, 22:15 goma da kwata. Kwana kaɗan ido zai saba.

A yawancin wayoyin Android, shiga Settings, System, Date & time, ka kunna Use 24-hour format. A Samsung yana cikin General management. Masu iPhone kuma Settings, General, Date & Time, sai 24-Hour Time. In ka gama, leƙa ƙararrawarka ta asuba ka ga me take nunawa.