Zauren Iyali: Yaro ba ya faɗowa daga sama da halinsa

Maganarmu ta wannan fitowa ta samo asali ne daga abin da kowa yake gani ran kasuwar Cinkassé. Tun rana ba ta ɗaga ba, yarinya 'yar shekara tara ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta wanke kwanuka, an ɗora mata tiren ƙosai ko na goro, ta nufi wurin da manyan motocin Wagadugu suke jiran duwan. Wanta kuwa, wanda ya girme ta da shekara biyu, yana can bakin tasha yana ƙirga babura. Idan ka tambayi uwar gida dalili, sai ta ce, ai namiji ne. Shin da gaske haka Allah Ya halicce su, ko kuwa mu ne muka raba musu aikin?

Wannan tambaya tana cikin farkon abin da ake koyarwa a ilimin zamantakewar al'umma, wanda masu Faransanci ke kira sosiyoloji. Jigon maganarsu shi ne, yaro yana koyon zama mutum ne daga waɗanda yake tare da su, wato abin da mu muke kira tarbiyya. Émile Durkheim na Faransa, wanda ya rasu a 1917, ya ɗauki ilmantarwa a matsayin hanyar da manya ke bi su cusa wa ƙanana ɗabi'un jama'arsu. Amma tun a 1377 Ibn Khaldun ya bayyana a cikin Muƙaddima cewa abin da mutum ya saba da shi ne yake zame masa kamar halitta. Mu da muka yi zaman zaure gaban mahaifanmu kafin mu shiga lakwal, ba mu ji wannan a matsayin baƙon zance ba, domin hadisin da ya ce ana haifar kowane yaro a kan fiɗira, sannan iyayensa su karkata shi, mun haddace shi tun muna riƙe da allo.

Masanan sun ce tarbiyya hawa biyu ce. Ta farko a gida take, a bayan uwa da gaban kaka. Ta biyu kuwa ta makarantar allo ce, da lakwal, da tsara, da kasuwa, yanzu kuma ga wayar hannu ta shigo ba da sallama ba.

Inda muke so mu daɗe shi ne bambancin da suke yi tsakanin halitta da matsayin jinsi. Ɗaukar ciki da shayarwa halitta ce, ba wanda zai sauya ta. Amma wanda zai wanke tukunya, da wanda za a bari ya yi bitar darasi bayan magariba, wannan jama'a ce take yankewa, shi ya sa yake bambanta daga gari zuwa gari. A Dapaong muna ganin matan Moba a gona da fartanya. A Sokodé matan Kotokoli sun riƙe kasuwa gam. A Lome kuwa, matan da aka yi wa laƙabi da Nana Benz ne suka mallaki cinikin atamfa a shekarun 1970. Mu ma a unguwanninmu, wane ne mai shayi, wane ne mai tsire? Maza ne. Namijin da yake soya ƙwai a bakin titi har tsakar dare, shi ne zai ce abin kunya ne ya hura wuta a gidansa ranar da matarsa take kwance da zazzaɓi. Alhali Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidimar gida.

Kada a ce muna kawo ra'ayin Turawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke kai karatu ga matan ƙauyuka.

Tun 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, kuma dokar yara ta 2007 ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure. Doka dai ta buɗe ƙofa, amma ba ta shiga tsakar gida ta raba aiki. Yarinyar da ta yini a rana da tire, ta dawo ta tarar da wanke-wanke, da wane ido za ta duba littafi? Idan ta faɗi jarrabawar CEPD sai mu ce ba ta da kai, a fara maganar miji. Shi ma yaron ba mu yi masa gata ba. Mun koya masa cewa akwai mai yi masa komai, ga shi a garin iyaka inda kuɗin banza da ƙwaya suke neman wanda ba shi da abin yi.

Mun san talla ba don marmari ake yin ta ba, sau da yawa ita ce kuɗin cefane da na kayan ɗaki. Ba mu ce a ajiye tire gobe ba. Abin da muke roƙo shi ne, yau da daddare malam mai gida ya zauna da uwar gida su lissafa ayyukan da kowane yaro ya yi tun asuba, su ga wa aka bar wa lokacin karatu, sannan jarkar ruwan gobe a miƙa wa yaron.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.