Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa kan hanyoyin yawo a Gashaka Gumti

Ranka ya daɗe,

Ina roƙon hukumarka ta fara duba bayanan manhajojin motsa jiki kafin ta shata hanyoyin masu yawon shaƙatawa a Gashaka Gumti. Duk mai hawan dutse da ya kunna Strava a wayarsa, manhajar na riƙe sawunsa: inda ya bi, da ƙarfe nawa, da inda ya tsaya shan iska. Tun 2014 kamfanin ke tattara wannan sawu, ya cire sunaye, ya bai wa masu tsara hanyoyi. Hukumar sufuri ta jihar Oregon a Amurka ta biya dala 20,000 don ta san inda masu keke ke bi. Daga 2020 kuwa kyauta ake bai wa hukumomin da suka cancanta. Mai neman wurin kafa alama ko rumfar hutawa a hanyar tsaunin Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, zai ƙaru da shi.

Abin da ke damuna, taswirar da ake yi da wannan sawu baƙo daga Abuja ko Legas kaɗai take gani. Makiyayin da ke haurawa tsauni da shanunsa ba ya cikinta. Haka matar da ke saukowa kasuwar Serti da ƙwaryar nono a ka, haka ɗan dakon da ya goya jakar baƙon har ƙololuwa. Wanda ya yi tsari a ofis da taswira kaɗai zai ɗauka wurin da babu layi babu kowa, ya ratsa burtali da hanyar baƙi, ko ya dasa sansani a bakin mashaya. Rigimar da za ta biyo baya ka fi ni saninta. A zauna da arɗo da dagaci tukuna, a kuma bai wa 'yan rakiya wayoyi su ɗauki hanyoyin da suka sani.

Sai batun tsaro. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya gano taswirar Strava na tona sansanonin soja a Siriya da Afganistan. Mafarauta ba bisa ƙa'ida ba da masu saran itacen madrid su ma suna da waya, za su iya ganin sawun masu sintiri. Don Allah a kafa doka a rubuce: kada ma'aikacin sintiri ya kunna irin wannan manhaja yana bakin aiki.

Naka,
Mai kishin gandun