A kai ɗalibai gaban sikelin riɗi su koyi nauyi

Idan kaka ta yi, buhunan riɗi kan cika kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram. Ɗan dako ya ɗaga buhu, ya saƙala shi a ƙugiyar sikeli, allura ta kaɗa ta tsaya, dillali ya faɗi kilo. Ni da nake koyar da kimiyya a wannan yanki, ina ganin babu ajin da ya fi nan dacewa da darasin nauyi. Amma mu malamai mun ɗaure darasin a jikin allo, yara suna haddace 9.8, lambar jan duniya, don jarrabawa ba tare da sanin me lambar take nufi ba.

Abin da wannan sikeli yake aunawa shi ne ƙarfin da duniya take jan buhun da shi. Kowace duniya kuma da nata jan, gwargwadon yawan abin da ta ƙunsa da nisan bayanta daga tsakiyarta. A kai buhun da ya nuna kilo 60 a Sara zuwa duniyar wata tare da sikelinsa, allurar za ta tsaya wajen 10, domin jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na namu. A duniyar Mas za ta nuna kusan 23. A Mushtari kuwa, wadda ta fi duk duniyoyin da ke zagaya rana girma, sai ta haura 150, ƙato ma ba zai iya ciccibarsa ba. Alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga buhun ba. A zazzage shi a auna da tiya, adadin da aka samu a Gwaram shi za a samu a wata. Yaron da ya riƙe wannan ya raba nauyin abu da yawan abin, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe.

Ko a duniyarmu jan bai zo ɗaya ba. Mu da muke kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, namu ya ɗan fi sauƙi. Buhun da ya nuna kilo 100 a Birnin Kudu, maƙwabciyar Gwaram, zai ƙara kusan rabin kilo a ƙuryar arewacin duniya, a kan wannan sikelin dai.

Wasu iyaye kan ce mini, Malam, ina ruwan ɗan manomi da wata? Ruwansa shi ne ya san abin da ma'auninsa yake faɗa masa, ya kuma saba da gwada magana kafin ya karɓe ta. Isaac Newton ya wallafa ƙa'idar wannan jan a 1687. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a kan wata ya saki guduma da gashin tsuntsu, suka sauka tare saboda babu iskar da za ta tare gashin. Bidiyon yana nan a intanet, wayar hannu ɗaya ta isa a nuna wa aji guda. Sai a fita tsakar makaranta a saki babban dutse da ƙarami daga tsayi ɗaya, yara su gani da idonsu wanda zai riga. Dutse kuwa ba a neman sa a Birnin Kudu.

'Yan'uwana malamai, kada mu jira ɗakin gwaji. A wannan zangon mu aro sikeli da tiya, iyaye kuma ku tambayi yaranku abin da suka auna a makaranta.