Katsina United: A rushe a sake gini, ko a ci gaba da faci?

Tun bayan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Katsina United ta koma gasar Firimiya ta Najeriya a shekarar 2023, muhawara ɗaya ce ke yawan tasowa tsakanin magoya bayanta a ƙarshen kowace kakar wasa.

Wasu na ganin lokaci ya yi da za a sallami akasarin 'yan wasa da masu horaswa, a fara sabon gini daga tushe. Wasu kuma na cewa a ci gaba da gyara abin da ke hannu, a riƙa cike gurabun da suka yi rauni.

Muhawarar ba ta tsaya a birnin Katsina ba. Ana yin ta a majalisu da gidajen kallon ƙwallo har a ƙananan hukumomin masarautar Daura, ciki har da Baure da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar.

Abin da ke ci wa magoya bayan tuwo a ƙwarya shi ne ƙungiyar ba ta lalace har a fid da rai da ita ba, ba ta kuma yi ƙarfin da za a sa rai da kofi ba. Daga 2017 zuwa 2025 ba ta lashe gasar ba ko sau ɗaya, ba ta kuma samu gurbin wakiltar Najeriya a gasannin nahiyar Afirka ba.

Tarihin saura ƙiris

Dattawan magoya baya na tuna lokacin da ƙungiyar ke cikin waɗanda ake shakka a faɗin ƙasar.

Shekara uku a jere, wato 1995 da 1996 da 1997, Katsina United ta kai wasan ƙarshe na gasar cin Kofin Ƙalubale. Shooting Stars ta Ibadan ce ta doke ta a karon farko, sai Julius Berger ta Legas, sannan BCC Lions ta Gboko.

Daga nan tauraruwarta ta dusashe. Ta shafe shekaru masu yawa a ƙananan rukunai, har ta yi zamani da sunan Spotlight, kafin a maido mata da sunanta na asali ta kuma hau gasar Firimiya a 2016, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari.

Ta riƙe gurbinta har zuwa 2022, lokacin da ta faɗi tare da Kano Pillars da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Shekara guda bayan haka ta sake hawa.

Ƙungiyar na da filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda aka fi sani da Karkanda, mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 35,000. Ƙungiyoyi kaɗan ne a arewacin ƙasar ke da gida irin wannan, kuma hakan na ƙara wa magoya baya takaicin ganin sakamakon bai kai girman filin ba.

Inda dabarar rushewa ta fito

Tunanin a rushe ƙungiya da gangan domin a sake gina ta ya fi ƙarfi a Amurka da Kanada, musamman a gasar NHL ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara.

A can babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ita ce ma ke da babbar damar fara zaɓen matasan da suka fi hazaƙa a shekarar.

Saboda haka idan ƙungiya ta ga ta maƙale a tsakiya, takan sayar da manyan 'yan wasanta, ta haƙura da shan kaye na 'yan shekaru, tana tara matasa.

Pittsburgh Penguins ta ɗauki Sidney Crosby a 2005 bayan shekarun da ta yi a ƙasan teburi, ta kuma lashe Kofin Stanley a 2009. Chicago Blackhawks ta ɗauki Jonathan Toews a 2006 da Patrick Kane a 2007, ta lashe kofin a 2010 da 2013 da 2015.

Sai dai ko a can ba kullum dabarar ke ci ba. Edmonton Oilers ta samu zaɓin farko a 2010 da 2011 da 2012, amma duk da haka ta yi kaka goma a jere ba ta kai zagayen neman kofi ba.

A Najeriya kuwa lissafin daban yake. Ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar Firimiya, huɗu na ƙarshe kuma su faɗi. Babu wata lada da ake bai wa wanda ya zo na baya.

Ƙungiyar da ta zubar da gogaggun 'yan wasanta lokaci guda ta cika fili da yara, tana iya wayar gari a rukuni na biyu. Katsina United ta san wannan hanya, ta kuma san gaskiyar maganar Hausawa cewa tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito.

Sauyin da ba ya sauya komai

Wani abin lura kuma shi ne, rushewar da wasu magoya baya ke nema kusan ita ake yi duk shekara.

A gasar Najeriya an saba ganin ƙungiya ta sallami 'yan wasa masu yawa a ƙarshen kaka, ta kira gwaji, ta ɗauki wasu, galibi kan yarjejeniya ta ɗan gajeren lokaci. Waɗanda aka ɗauka ɗin sau da yawa wata ƙungiyar ce ta sallamo su.

Haka abin yake a kujerar mai horaswa. Tun daga 2017, Abdullahi Biffo da Henry Makinwa da Azeez Mohammed da Usman Abd'Allah da Tony Bolus duk sun ja ragamar Katsina United a lokuta daban-daban.

Kowane mai horaswa na zuwa da salonsa da 'yan wasan da ya yarda da su. Kafin su gama fahimtar juna, an sake lale.

Tushen wannan rashin tabbas yana ga yadda ake mallakar ƙungiyoyin. Kamar akasarin takwarorinta, Katsina United ta gwamnatin jiha ce. Gwamnati ce ke naɗa shugabanninta, ita ce kuma ke biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye.

Shugaban da bai san ko zai kai baɗi a kan kujerarsa ba, da wuya ya tsara aikin shekara biyar. Abin da zai sa a gaba shi ne kada ƙungiya ta faɗi a hannunsa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce sayen gogaggun 'yan wasan da za su ci wasannin gida.

Wannan lissafi na kare ƙungiya daga faɗuwa a mafi yawan shekaru. Shi ne kuma ke ɗaure ta a tsakiyar teburi.

Darasi daga Ikenne

Misalin da ya fi dacewa a duba shi ne na Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, domin a shekara ɗaya suka hau gasar Firimiya ita da Katsina United, wato 2016.

Remo Stars ta faɗi a 2017, ta dawo, ta sake faɗuwa a 2019. A wannan tsakani Katsina United na zaune daram a gasar.

Amma bayan da Remo ta sake hawa a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sannan ta lashe gasar a 2025 a ƙarƙashin mai horaswa Daniel Ogunmodede. Wannan ne kofin gasar na farko a tarihinta.

Ƙungiyar mallakar ɗan kasuwa ce, Kunle Soname. Faɗuwa sau biyu ba ta sauya mai ita ba, ba ta kuma sauya manufarta ba. Ta gina filinta, ta kafa makarantar renon matasa ta Beyond Limits, ta kuma bai wa mai horaswa lokaci.

Ko shakka babu kuɗi sun taka rawa. Sai dai gwamnatocin jihohi ma na kashe maƙudan kuɗi a kan ƙungiyoyinsu. Bambancin shi ne inda kuɗin ke tafiya, da kuma tsawon lokacin da ake bai wa shiri kafin a yanke masa hukunci.

Kano Pillars ma ta nuna haka a zamanin da take tashe. Kofunan gasar da ta ɗauka a 2012 da 2013 da 2014 sun zo ne da gungun 'yan wasan da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali, duk da cewa ita ma ta gwamnati ce.

Me Baure za ta samu?

Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, kuma da dukiyar dukkansu ake ɗaukar nauyin ƙungiyar. Biyar daga ciki na masarautar Daura ne: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua.

Daga Baure zuwa birnin Katsina ya haura kilomita 100. Hasali ma garin ya fi kusa da Kano, ta hanyar Babura a jihar Jigawa.

Matashin da ke Baure ko Babban Mutum na da zaɓi da yawa. Ga Kano Pillars mai tarihin kofuna, ga kuma Arsenal da Chelsea da Real Madrid da Barcelona da yake kallo duk mako a gidan kallo da kuɗi kaɗan.

Idan ƙungiyar jiharsa ba ta cin kofi, kuma bai ga ɗan garinsu ko na maƙwabta sanye da rigarta ba, da wuya ya ji cewa tasa ce.

A nan ne maganar sake gini ke da ma'ana. Ana buga ƙwallo a filayen makarantu da na unguwanni a duk faɗin masarautar, musamman lokacin gasannin hutu da na bukukuwan Sallah. Abin da ake buƙata shi ne tsayayyar hanya daga waɗannan filaye zuwa Karkanda.

Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau mulki a 2023, ta kafa makarantar koyon ƙwallo a Katsina. Amfaninta ga Katsina United zai dogara ne kan abu biyu: ko masu farautar matasa na isa ƙananan hukumomi masu nisa, da kuma ko yaran da aka rena na samun damar buga wa babbar ƙungiyar wasa.

Akwai kuma riba ta kuɗi. A dokar hukumar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23.

Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar da ta ƙare a 2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holand. Ɗan wasa ɗaya irin wannan, idan takardunsa na hannun ƙungiya, na iya kawo mata abin da tikitin shiga fili ba zai kawo ba a shekaru.

Fushin da ke komawa kan mai shi

Su ma magoya baya na da nasu alhakin, domin sake gini ba ya yiwuwa inda ake ɗaukar kowane canjaras a gida a matsayin cin amana.

A watan Nuwamban 2025, wasan da Katsina United ta karɓi baƙuncin Barau FC ya tashi 1-1, kuma wani ɗan wasan baƙin ya samu rauni a wuya a hatsaniyar da ta ɓarke. Hukumar gasar ta ci tarar Katsina United naira miliyan 9, ta kuma ba da umarnin mayar da wasanninta na gida zuwa Jos.

Wata guda kafin nan, an ci tarar Kano Pillars an kuma zabtare mata maki uku, bayan da 'yan kallo suka kutsa fili a wasanta da Shooting Stars. Irin wannan zabtare maki na cikin abubuwan da suka jefa Pillars ƙasa a 2022.

A gasar da ƙungiyoyi ke tara akasarin makinsu a gida, raba ƙungiya da filinta babban hukunci ne. Kuɗin tarar da na ƙarin tafiye-tafiye kuma daga aljihun jama'ar jiha suke fitowa.

Matasan 'yan wasa sun fi kowa yin kuskure a fili. Mai horaswar da ya san jifa na jiransa idan aka tashi kunnen doki, ba zai saka ɗan shekara 18 a wasa mai zafi ba.

Mafita

Rushewa irin ta Amurka ba ta dace da gasar da ake faɗuwa ba, faci na shekara-shekara kuma an ga iyakarsa.

Abin da ya rage shi ne a taɓa tsarin gudanarwa. A bai wa shugabanni da mai horaswa wa'adi sananne na shekara uku ko huɗu, da manufofin da za a auna su da su. A riƙe ginshiƙan 'yan wasa da yarjejeniya mai tsawo, a riƙa shigar da matasa biyu ko uku duk kaka a gefensu.

Haka kuma a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka kashe da abin da aka samu daga cinikin 'yan wasa, a kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwar jihar su zuba jari, ta yadda sauyin gwamnati ba zai zama sauyin komai da komai ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da zai kawo kofi a kaka guda, kuma wannan ne ya sa suke da wuyar ɗauka ga mai neman abin nunawa kafin zaɓe.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi a Katsina za su yarda su shuka abin da mai yiwuwa wani ne zai girba, da kuma ko magoya baya, daga Karkanda har zuwa Baure, za su iya haƙurin da suke neman a yi da ƙungiyar tasu.