Murfin Inji Ba Ado Ba Ne

Sana'ar kafa firiji da ɗakunan sanyi ta zama hanyar abinci ga samari da yawa a garuruwanmu. Masu sayar da kifi suna bukatar sanyin nan, asibitoci ma haka, gama yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 a ke ajiye su. Lalle ci gaba ne. Abin da ke damunmu shi ne yatsu da idanun yaran da ke koyon aikin.

Ku dubi injin nan na hannu mai faifai, wanda a ke yanka ƙarfe da shi. Ƙaraminsa ya kan juya wajen sau 11,000 a minti guda. Waɗanda suka ƙera shi sun sa masa murfi, domin in faifan ya fashe kada gutsattsarinsa su sami fuskar mai aiki. Amma sau da yawa maigida ya kan cire murfin, wai yana hana injin shiga lungu, ko kuwa don ya ɗaura faifan da ya fi girma. Babban faifai kuwa ba a yi shi don ya jure irin wannan gudu ba. Yaro yana tsaye yana kallo, karatun da ya ɗauka ke nan. Gobe shi za a tura kan tsani, ba tabarau, inji a hannu guda.

Ga kuma iskar da a ke ɗura wa firiji na zamani, wadda ta ke kama wuta. In bututu yana yoyo, tartsatsi ɗaya ya isa.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2010 Nijeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF. To, yaron da ba shi da albashi, sunansa ba ya cikin littafin kowa, wa zai nema masa?

Sabo da haka ga akawuna muka juyo. Ku ke rubuta takardar kwangila in za a kafa firiji a asibitin ƙaramar hukuma. Ku sa a ciki cewa ɗan kwangila zai kawo sunayen yaransa duka, da tabarau ga ko wannensu, kuma ko wane inji da murfinsa. Mu malamai ma da laifinmu: mun fi yabon yaro mai saurin hannu. A ɗakin koyon sana'a, kada a bar yaro ya canja faifai sai ya zare wayar injin daga bango, malami yana gani.