Ilimi Kyauta Ne, To Wa Zai Biya Kuɗin Hanya?



Duk wanda ya bi Titin Zariya ko Titin Katsina a Kano da ƙarfe bakwai na safe ya san abin da za mu faɗa. Yara cikin kayan makaranta, wasu ba su kai shekara goma ba, suna tsaye bakin kwalta suna jiran tirela ta wuce su ruga a guje. Wasu sun maƙale a bayan a-kori-kura. Wasu kuma an cusa su bakwai ko takwas a A Daidaita Sahu guda, jakunkuna a waje, ƙafafu na reto.

Tun 2004 dokar UBE ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. A 2019 gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta a Kano, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk mun yaba. Sai dai kyautar nan a ƙofar makaranta ta tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, uba mai 'ya'ya biyar ba ya iya biyan kuɗin motar zuwa da dawowa kullum. Sai ya ce su taka da ƙafa.

Kuma mun san wadda ta fi shan wahala: 'ya mace. Ranar da aka tare ta a lungu, ko 'yan daba suka kora su, ko ruwan damina ya cika kwalbati, a ranar uba zai ce karatun ya isa haka. Gobe sai a gan ta da farantin talla. Daga nan jami'ai su hau rediyo su ce iyaye ba sa son boko. Wannan ba adalci ba ne.

Za a ce babu kuɗi. Ba mu yarda ba. Hukumar UBEC tana karɓar kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an sha jin jihohi sun bar kasonsu a ajiye don sun kasa sa nasu rabon. Ayarin motocin manya kuwa bai taɓa rasa mai ba.

Kano ta san yadda ake yi, domin tun zamanin Kwankwaso aka fito da motocin jigilar ɗalibai mata. Amma sayen mota da ɗaukar hoto ranar ƙaddamarwa abu ne mai sauƙi. Mai, albashin direba, taya da kanikanci su ne aikin, kuma su ake mantawa har motar ta zauna ta yi tsatsa.

Don haka buƙatarmu ɗaya ce: Majalisar Dokokin Jiha ta ware wa jigilar ɗalibai gurbi na dindindin a kasafin kuɗi, da doka a bayansa, yadda sauyin gwamnati ba zai kashe shi ba. A fara da unguwannin bayan gari da ƙauyukan da makaranta ta yi musu nisa.

Kowannenmu yana da ɗan majalisa. Mu tambaye shi tun kafin a jera gawa a rufe da mayafi.

Allah Ya tsare mana zuri'a.